Ya tafi da ɗana Ingila da sunan hutu, wa zan kama a gwamnati?

Wata baiwar Allah daga Rigasa ta rubuto tana cewa: "Barista, shekara biyu ke nan da rabuwarmu da mijina. Kotun shari'a a nan Kaduna ta ba ni riƙon ɗanmu, yanzu shekararsa 6. Uban yana aiki a Ingila. Da dogon hutu ya zo ya roƙi in bar yaron ya je ya yi wata ɗaya, har iyayena suka sa baki, na sa hannu a takardar biza. Yau wata huɗu ke nan, ya ce yaro ya shiga makaranta, ba zai dawo ba. Na karanta a intanet akwai yarjejeniyar Hague da ke dawo da yara. Na duba shafukan gwamnati ban ga inda zan kai kuka ba, kuma ba ni da kuɗin lauya. Shin gwamnati ba ta da alhaki a kaina?"

'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsare yaron a inda yake. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba, don gara ki ji shi yau da ki ɓata wata shida kina ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta.

Yarjejeniyar da kika karanta gaskiya ce. An ƙulla ta a birnin Hague na ƙasar Holan ranar 25 ga Oktoba 1980, kuma ƙasashe sama da 100 suna cikinta. Ba ta raba gardamar wa ya fi cancanta da riƙo tsakanin uwa da uba. Abin da ta ce kawai shi ne, idan an fitar da yaron da bai kai shekara 16 ba daga ƙasar da ya saba zama, ko aka riƙe shi a waje ba da yardar mai haƙƙi ba, a mayar da shi gida da gaggawa, can alƙalin gida ya yi hukunci. Kowace ƙasa takan ware ofishi guda da ke karɓar koken iyaye, ya tura wa takwaransa na ɗaya ƙasar, ana kuma so kotu ta gama cikin mako shida. Birtaniya tana ciki. A Afirka akwai irin su Afirka ta Kudu, Maroko, Burkina Faso da Zimbabuwe. Najeriya ba ta ciki. Yarjejeniyar kuwa ba ta aiki sai ƙasashen biyu duka sun shiga. Da a Afirka ta Kudu kike, fom za ki cike, gwamnatin Ingila ta ɗaukar miki lauya kyauta ba tare da ta leƙa aljihunki ba. Da yake a Rigasa kike, wannan hanyar a toshe take. Shi ya sa ba ki ga ofishin a shafukan gwamnati ba: ba ɓoye shi aka yi ba, babu shi ne.

Hukuncin da kike riƙe da shi na kotun Kaduna ma ba ya ƙetare iyaka da ƙafarsa. Dokokinmu na mutunta hukuncin juna da wasu ƙasashe sun fi shafar bashi da kuɗi, ba riƙon yara ba. Babu ɗan sandan Landan da zai ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa don an nuna masa takardar alƙalin Kaduna. Amma kada ki raina takardar, don ita ce babbar shaidarki a inda za a yi ainihin shari'ar.

Inda za a yi ta kuwa shi ne Babbar Kotun Ingila, sashen iyali. Wannan kotu tana da wani tsohon iko na kare kowane yaro da ke cikin ƙasar, ko ɗan ina ne, har takan mai da yaro ƙarƙashin kulawarta ta yadda ba a yin wani babban motsi a kansa sai da izininta. Tana iya ba da umarni a gano inda yaro yake, a karɓe fasfo ɗinsa da na uban don kada a sake tsallakawa da shi wata ƙasa, tana kuma iya cewa a mayar da shi Najeriya nan take. A 2005 kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta yi hukunci a shari'ar wani yaro da aka kawo daga Saudiyya, wadda ita ma ba ta cikin yarjejeniyar. Ta ce a irin wannan hali ba a aron ƙa'idojin Hague, maslahar yaron ce kaɗai ma'auni, amma sau da yawa maslahar tana iya zama a gaggauta mayar da shi inda rayuwarsa take. Wato babu tabbas, amma ƙofa a buɗe take. Alƙali zai tambayi kansa: ina ne gidan wannan yaro? Wane harshe yake ji? Wa ke yi masa wanka, wa ke kai shi makaranta, wa yake nema idan zazzaɓi ya kama shi cikin dare? Yaron da ya yi shekara 6 a Rigasa da wata huɗu a Ingila, amsar tana wajenki.

Sai dai tana wajenki ne yau. Nan ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma ba mugunta ke jawo ta ba, kunya ce da kara. Na san abin da ake gaya miki a gida. "Ki yi haƙuri, ai ɗa na ubansa ne." "Ki bari manya su yi magana." "In ya girma da ƙafarsa zai nemo ki." A tura wa kawun miji, kawu ya ce sai bayan Sallah, bayan Sallah a ce ana jiran wansa ya dawo daga Umara. Kafin a ankara shekara ta zagayo, yaro ya yi abokai, Hausarsa ta fara karyewa, malamarsa ta rubuta cewa yana ƙoƙari a aji. Ranar da kika isa kotu, lauyan uban zai ce an riga an dasa yaro ya yi saiwa, cire shi cutarwa ne, kuma shirunki na wata goma sha biyu alama ce kin yarda. Ban ce a daina sulhu ba. A yi ta yi, manya su yi ta zama. Amma a riƙa tafiya da sulhu da shari'a tare, don da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Yanzu takardar nan da kika sa wa hannu. Ki nemo kwafinta ko ta halin ƙaƙa, ko hotonta ne a wayar wanda ya cike fom ɗin. Idan bizar ziyara ce aka nema, wadda ba ta wuce zaman wata shida, kuma takardar ta ce hutu, to uban da hannunsa ya rubuta miki shaida. Idan kuwa bizar zama ce, akwai matsala, domin dokar shige da ficen Birtaniya takan nemi uba ɗaya da zai kawo yaro ya nuna shi kaɗai ke ɗauke da alhakinsa. Na ga uwar da ta sa hannu a shafin ƙarshe na takarda mai shafi uku da Turanci, a tsaye a bakin zaure, mai adaidaita yana jira, tana zaton izinin hutu ne, ashe sallama ce ta riƙo gaba ɗaya. Ko hakan ne ya faru da ke ba a rasa mafita ba, ana iya nuna wa kotu yaudara aka yi, amma dole lauyanki ya sani tun farko, kada a fito masa da ita a gaban alƙali.

Ki haɗa sauran: kwafin hukuncin riƙo wanda kotu ta buga wa hatimi, tare da fassararsa zuwa Turanci idan da Hausa aka rubuta, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, sakamakon jarrabawa na boko da na Islamiyya, rasit ɗin kuɗin makaranta na zangon da bai dawo ya shiga ba, tikitin dawowa idan an saya. Saƙonnin WhatsApp kuwa, musamman na murya inda yake cewa "wata ɗaya kawai", kada ki bar su a waya ɗaya. Ki tura wa 'yar'uwarki, ki adana a wani wuri. Waya faɗuwa take yi a ruwa.

Akwai wata magana ta fiƙihu da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji ta daga bakin lauyansa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne malamai, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun ce idan waliyyin yaro zai yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai nisan baridi shida, wato mil 72, yana iya neman tafiya da yaron, da sharaɗin hanya da wurin suna da aminci. Kotun Ingila takan nemi masani ya yi mata bayanin dokar ƙasar da za a mayar da yaro, don haka wannan batu zai iya tasowa. Amsarki ita ce, wannan haƙƙi ne da ake nema a gaban alƙali, a saurari ɓangare biyu, ba a karɓe shi da dabarar hutu ba. Lokacin da aka yi shari'ar riƙon, ko dai mutumin nan yana Ingila ko ya san zai tafi, ga hukunci a ƙasa, bai ɗaukaka ƙara ba, bai koma ya nemi a sauya ba. Sannan ki sani, a mazhabar, auren uwa da wanda ba muharramin yaro ba yana sauke riƙo daga kanta ya koma ga mahaifiyarta. Idan akwai maganar aure a gabanki, ki gaya wa lauya kafin a sa rana.

Batun kuɗin lauya kashi biyu ne, na nan da na can. A nan akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid Council, an kafa ta a 1976, tana aiki yanzu da dokar 2011, tana kuma da ofishi a Kaduna. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Mafi yawan ƙarfinta yana tafiya ne wajen kare waɗanda ake tuhuma da laifi da masu jiran shari'a a gidan yari, amma tana ba da shawara, kuma ki je. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kaduna, irin wannan aiki kuwa nasu ne. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a, wadda ke riƙe da dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018. Waɗannan za su iya taimaka miki da takardar rantsuwa, da komawa kotun da ta ba ki riƙo don ta ba da umarnin a dawo da yaro, da rahoton jami'in walwala a kan gidan da yaron zai dawo. Duk suna da amfani. Amma ko Babban Lauya ne a Najeriya ba zai tsaya a gaban alƙalin Landan ba sai yana da lasisin can. Agajinmu a bakin iyaka yake tsayawa.

A can kuwa, tunda ba shari'ar Hague ba ce, agajin ba kai tsaye yake zuwa ba. Ana duba ƙarfin aljihunki da ƙarfin hujjarki. Zamanki a Najeriya bai hana ki nema ba, lauyan can mai aikin agajin gwamnati ne zai cike miki. Akwai ƙungiyar agaji a Birtaniya mai suna Reunite wadda aikinta ke nan, tana ba da shawara, tana nuna lauyoyin da suka ƙware, tana kuma shiga tsakani don sulhu. Sau da yawa ana sauraron uwa ta bidiyo daga ƙasarta, ba lallai sai kin sami biza ba.

'Yan sanda fa? Za a ce miki ki kai ƙara a kama shi ta hannun Interpol. Interpol tana da sanarwa ta musamman don neman waɗanda suka ɓace, amma ke kin san inda ɗanki yake. Ni ba na gaggawar ba da shawarar ƙarar laifi a irin halinki, saboda mutumin da ya san za a kama shi a filin jirgin Abuja ba zai taɓa rako yaro gida ba, kuma lauyansa zai yi amfani da hakan. A ajiye ta a matsayin makami na ƙarshe. Hukumar NAPTIP kuma ta yaƙi da fataucin mutane ce, sai in akwai alamar an kai yaro aikatau ko an miƙa shi ga wasu. Abin da zan hana ki da babbar murya shi ne shawarar 'yan ɗaki ta a tura wani ya ɗauko shi daga makaranta a sato shi. Dokar Ingila ta 1984 ta mai da fitar da yaro daga ƙasar ba da izini ba laifi, ko da uwa ce ta yi.

To, alhakin gwamnati. Eh, tana da shi, kuma a rubuce yake. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, sashe na 11 kuwa ya wajabta wa ƙasashe su yaƙi fitar da yara waje ba bisa ƙa'ida ba da ƙin dawo da su, su kuma ƙulla yarjejeniyoyi don haka. Fiye da shekara talatin ke nan. Akwai uzurin da ake kawowa, kuma ba na banza ba ne. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka, sha'anin yara kuma jihohi na da ta cewa a ciki, shi ya sa dokar haƙƙin yara ta 2003 sai da ta jira shekara 15 kafin Kaduna ta yi tata. Akwai kuma masu tsoron yarjejeniyar za ta ci karo da shari'ar Musulunci. Amma Maroko ta shiga, Pakistan ta shiga, Turkiyya tana ciki, tun 2004 kuma ake tattaunawar da aka fara a Malta don daidaita wannan fargaba. A ganina, ko ba a shiga yarjejeniyar gobe ba, babu abin da ya hana a ware tebur ɗaya, jami'i ɗaya, lambar waya ɗaya mai shiga, a rubuta a shafi ɗaya da Hausa da Turanci: idan an tafi da ɗanka waje, ga abin da za mu iya yi, ga abin da ba za mu iya ba. Wannan ba ya bukatar Majalisa.

Hasali ma doka ta riga ta nema. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta wajabta wa kowace hukuma ta wallafa ayyukanta da jami'in da ake aika wa da bukata, ba sai an tambaya ba. Umarnin shugaban ƙasa na Mayun 2017 ya ce ma'aikatu su sa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowace hidima a shafukansu. Na taɓa raka wata uwa wani ofishi a Abuja bayan mun kwana biyu muna kiran lambar da ke shafinsu tana cewa a kashe take. Muka bi jirgin ƙasa na safe daga Rigasa. A ƙasa aka ce bene na biyu, a bene na biyu aka ce ba su ba ne, mai teburin da aka nuna mana ya tafi taro. Abin da ya cece mu shi ne na zo da wasiƙa kwafi biyu. Na tsaya a kan magatakarda har ya buga hatimin karɓa a kan namu, ya sa kwanan wata da hannu. Wannan ɗan hatimin shuɗi shi ya sa aka kira mu daga baya, don takardar da aka karɓa a rubuce tana da mai amsa ta, maganar baka kuwa iska ce.

Ke ma haka za ki yi. Wasiƙa ɗaya zuwa sashen kula da 'yan ƙasa a waje na Ma'aikatar Harkokin Waje, kina neman ofishin jakadancinmu na Landan ya duba lafiyar yaron, tunda ɗan Najeriya ne, kwafi ga NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje. Ki sani jakada ba ya iya ƙwato yaro, iyakarsa ziyara da rubutu da shiga tsakani, amma rahotonsa yana da nauyi. Wasiƙa ta biyu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai zuwa Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya: wane sashe ke kula da irin wannan koke, koke nawa aka karɓa, mene ne matsayin gwamnati kan shiga yarjejeniyar 1980? Ba sai kin faɗi dalilinki ba, doka ba ta nema. Suna da kwana bakwai su amsa, suna iya ƙara bakwai da dalili. In sun yi shiru, doka ta ɗauka sun hana, kina da kwana 30 ki kai maganar kotu, akwai kuma tarar naira 500,000 ga wanda aka samu ya hana ba bisa ƙa'ida ba. Idan kotu ta yi miki nauyi, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a kyauta take aiki, ɗan majalisarku na Igabi kuma yana iya gabatar da kokenki a zauren Majalisar Wakilai. Waɗannan ba su ne za su dawo da ɗanki ba, kada ki jingina da su. Suna dai tara miki shaidar cewa ba ki taɓa yin shiru ba, suna kuma tilasta wa wani ya sa hannu a kan amsa.

Ki kula da masu cin kasuwa a kan hawayen iyaye. Shafin gwamnatin Najeriya na gaskiya da .gov.ng yake ƙarewa, na Birtaniya da .gov.uk. Duk wanda ya tare ki a Facebook ya ce shi jami'i ne, ki tura kuɗi asusunsa na kansa ya dawo miki da yaro cikin mako biyu, ɗan damfara ne.

Ga masu karatu da nasu yaran Maraɗi ko Damagaram aka kai, ko Makka da sunan Umara, ƙa'idar ɗaya ce: Nijar da Saudiyya ba sa cikin yarjejeniyar, shari'a tana inda yaro yake. Bambancin kawai, a Nijar dangi da sarakuna da malamai na ɓangarorin biyu sun san juna, sulhu ya fi saurin kamawa.

Abin da za ki yi yau kafin ki kwanta, 'yar'uwa: ki rubuta wa uban saƙo, a rubuce ba da murya ba, ba zagi ba gori. Ki ce kin ba da izinin hutun wata ɗaya ne, daga rana kaza zuwa rana kaza, ba ki yarda da zaman yaron a Ingila ba, kina neman a dawo da shi kafin rana kaza. Ki ɗauki hoton saƙon da alamar ya karanta. Ki ci gaba da kiran yaron a lokaci ɗaya kullum, ki yi masa Hausa, ki tambaye shi abin da ya ci, kada ki zagi ubansa a kunnensa, don mai yiwuwa jami'in kotun can ya zauna da shi ya ji ta bakinsa. Duk ranar da aka hana ki magana da shi, ki rubuta kwanan wata da lokaci a littafi. Gobe da safe ki ɗauki hukuncin riƙon ki tafi rajistarar kotun a buga miki hatimi, kwafi uku.